Koyon Faransanci ta Hanyar Binciken Ƙungiya

Jiharmu ta Kebbi tana iyaka da Nijar da Benin. Wanda ya ƙetare Kamba zuwa Gaya ko kasuwar Malanville zai tarar da Faransanci a takardu da allunan hanya. A 1991 gwamnati ta buɗe Ƙauyen Faransanci a Badagry, amma har yanzu da yawanmu muna haddace nahawu domin jarrabawa, mu kasa tambayar farashin gero. Ga hanyar da muke ganin ta fi.

Da farko, a raba aji ƙungiya-ƙungiya, mutum biyar-biyar. Kowace ta ɗauki batu ɗaya: kokawar gargajiya ta Nijar, ko masarautar Dosso, ko yadda Dahomey ta sami mulkin kai a 1960 ta koma Benin a 1975.

Na biyu, a raba aiki. Wani ya duba laburare, wani ya tambayi 'yan kasuwa masu zuwa ƙetare, wani ya tara kalmomi, kamar "la lutte" kokawa, "le mil" gero.

Na uku, a kwatanta da namu na Zuru. Me bikin Uhola ya haɗa da bukukuwan kaka na can?

A ƙarshe, kowa ya tsaya gaban aji ya faɗi jimla biyar da Faransanci, domin kada mai ƙoƙari ɗaya ya ɗauke wa saura nauyi. Kalmar da ɗalibi ya nemo da kansa ba ta saurin ɓace masa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.