Asma a Maga: gorar ruwa da tafiyar dare

Da hunturu ya kama, na san abin da zan tarar a aikin dare a asibiti. Hazon da iska ke kwasowa daga Bodele ta ƙasar Cadi ya rufe tafkin Maga, an gama girbin shinkafar kamfanin SEMRY ana ƙona tattaka da ƙaiƙayi, masu bandar kifi kuma hayaƙinsu ba ya yankewa. Ƙirjin mai asma ba ya ɗaukar wannan haɗi.

Bara aka kawo mana wani yaro ɗan shekara 14 a kan babur, tsakanin wansa da mai tuƙi. Yana zaune a dafe da gwiwa, ramin wuyansa na lotsawa da kowane numfashi, kalma biyu ba ya iya haɗawa. Na tambayi mahaifiyarsa ko yana da abin shaƙa. Ta kwance bakin zane ta fito da Ventoline sabo fil, ko murfin ba a taɓa buɗewa ba. Ta ce, "Malama, an ce in ya fara ba zai iya dainawa ba."

Wannan magana ta fi ƙurar cutar da yaranmu. Salbutamol, wato maganin da ke cikin Ventoline, ba ƙwaya ba ce mai kama jiki, hanyoyin iska da suka tsuke yake buɗewa cikin 'yan mintuna. Wanda kuma yake neman sa kusan kullum, ciwon ne bai kwanta ba, yana bukatar na rigakafi irin beclometasone, a shaƙa safe da yamma ko da lafiya lau yake, a kurkure baki bayan haka.

A daren nan gorar ruwa ta roba mai rabin lita na huda ta gindi, na cusa bakin maganin, yaron ya kama bakin gorar. Fesa ɗaya, numfashi huɗu zuwa shida, sannan a sake. Ba dabarar talauci ba ce kawai, likitoci a Afirka ta Kudu sun gwada ta a kan yara a 1999, ta yi aiki daidai da abin taimakon shaƙa na kanti. Kafin asuba yaron na neman kunu.

Abin da ke ci mini rai shi ne nisa. Yaron Garwa ko Marwa in ya shaƙe, babban asibiti na cikin gari. Namu sai ya bi ta Girbidik da Bogo kafin ya kai Marwa, da damina kuwa hanyar sai addu'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce asma ta kashe mutum 455,000 a 2019, galibinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi.

Iyaye, in yaro ya kasa gama magana, ko leɓensa ya canza launi, ko shessheƙar ta ɗauke alhali yana fama, kada ku jira gari ya waye. Ku ci gaba da fesa masa a hanya, kuna riƙe da shi a zaune, kada a kwantar da shi.