Tsawwala Gudun Furosesa a Ƙasa Mai Zafi: Darasi ga Masu Kwamfutar Wasa a Wurno da Rabah da Goronyo

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ake tilasta wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar tebur, yin gudu fiye da wanda kamfani ya kayyade mata, da kuma yadda ake daidaita kwamfutar wasa don ta yi aiki ba tare da ɗaukewa ba. An auna wannan fasaha da yanayin gabashin Jihar Sakkwato, inda zafin bazara da ƙurar hunturu da rashin tsayayyar wutar lantarki suke sauya lissafin da aka gina akasarin darussan intanet a kansa. Maƙalar ta karkata ga cewa rage ƙarfin lantarkin da ke shiga furosesa ya fi ƙara mata gudu amfani a wannan yanki.

1.0 Gabatarwa

Abin da Turawa ke kira overclocking, an zaɓi a kira shi tsawwala gudu a wannan darasi, domin kalmar tsawwalawa tana ɗauke da ma'anar wuce iyakar da aka ɗiba, tare da ɗan gargaɗin da ke cikinta. Al'adar ba sabuwa ba ce. A shekarar 1998 kamfanin Intel ya fitar da wata furosesa mai araha, Celeron 300A, wadda aka yi ta don gudun megahaz 300. Masu sha'awa suka gano cewa sauya saiti ɗaya yana kai ta megahaz 450, ta riƙa kafaɗa da waɗanda suka ninka ta tsada. Tun daga nan talaka mai son wasan kwamfuta ya riƙa kallon tsawwala gudu a matsayin hanyar samun abin da aljihunsa bai kai ba.

Matashin da ya tara kuɗin albasa ko na shinkafa a fadamar Wurno ya haɗa kwamfuta, ko mai shagon buga takardu a Goronyo da ke juya na'urarsa zuwa wasan ƙwallo da dare, duk suna da wannan buri. Matsalar ita ce malaman da suke koya daga gare su a YouTube suna zaune ne a ɗakunan da zafinsu bai cika wuce digiri 22 a ma'aunin Salshiyos ba. A kwarin Rima kuwa, zafin rana a watannin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40 a inuwa, ɗaki mai rufin kwano kuma yakan riƙe wannan zafi har bayan magariba.

2.0 Yadda Gudun Furosesa Yake Samuwa

Furosesa tana aiki ne bisa bugun wani agogo na lantarki da ke kan babban allon kwamfuta, wanda masu gyara ke kira madabod. A kwamfutocin zamani wannan agogo yana bugun megahaz 100, wato sau miliyan 100 a daƙiƙa. Sai furosesa ta ruɓanya shi da wata lamba. Idan lambar 40 ce, gudun ya zama gigahaz 4.0, idan aka mayar da ita 46, ya zama gigahaz 4.6. Wannan lamba, da za a kira maruɓanyi, ita ake sauyawa a cikin BIOS, shafin saiti da ake shiga ta danna maɓallin Delete ko F2 da zarar an kunna na'ura.

Ba kowace kwamfuta ce ke yarda da haka ba, kuma nan ne mutane da yawa ke ɓata lokaci. A ɓangaren Intel, sai furosesar da lambarta ta ƙare da harafin K, kamar i5-2500K ta shekarar 2011 ko i5-12600K, kuma sai an ɗora ta a kan madabod mai jerin Z. A ɓangaren AMD, furosesoshin Ryzen da suka fara fitowa a 2017 galibinsu a buɗe suke, matuƙar madabod ɗin na jerin B ne ko X. Kwamfutocin ofis na hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, irin Dell OptiPlex da HP EliteDesk, waɗanda su suka fi yawa a kasuwanninmu saboda sauƙin farashi, an kulle BIOS ɗinsu. Mai irin wannan na'ura ya tsallake zuwa sashe na biyar da na shida, can ne rabonsa yake.

3.0 Lissafin Zafi

Ƙarin gudu yana buƙatar ƙarin ƙarfin lantarki, wanda ake aunawa da bolt. Dokar da ya wajaba ɗalibi ya riƙe ita ce: wutar da furosesa ke sha tana ƙaruwa daidai da gudu, amma tana ƙaruwa da ninkin bolt a kan kansa. Duk wutar da ta sha kuwa zafi take komawa.

A ɗauki misali don lissafi. Furosesa tana gudun gigahaz 4.0 a kan bolt 1.20, tana shan wat 95. An kai ta gigahaz 4.6, amma ba ta tsaya da ƙafarta ba sai a bolt 1.35. Gudu ya ƙaru da kashi 15 cikin ɗari. Bolt ya ƙaru da kashi 12.5, wanda idan aka ninka shi a kan kansa ya zama kusan kashi 27. Idan aka haɗa biyun, wutar da ake sha ta ƙaru da kusan kashi 46, wato daga wat 95 zuwa wajen 138. An biya kashi 46 na zafi don sayen kashi 15 na gudu.

Na'urar sanyaya furosesa, ko ta fanka ce ko ta ruwa, ba ta ƙirƙirar sanyi. Aikinta kwashe zafi ta zuba shi a iskar ɗaki, saboda haka zafin furosesa kullum shi ne zafin ɗaki a tara da wani adadi. A ce wannan adadi digiri 40 ne kafin a taɓa komai. Bayan tsawwalawa zai koma wajen 58. A ɗaki mai digiri 22, furosesa za ta tsaya a 80, kuma malamin YouTube zai ce lafiya lau. A ɗaki mai digiri 42 a Rabah cikin watan Afrilu, saiti ɗaya da na'ura ɗaya za su ba da 100. Digiri 100 kuwa shi ne iyakar da Intel ya sa wa furosesoshinsa da dama, yayin da iyakar Ryzen da yawa take tsakanin 90 da 95. Da zarar an kai wannan iyaka furosesa tana ja da baya da kanta don kada ta ƙone, sai wasa ya riƙa tsinkewa, mai shi ya tarar na'urar da ya tsawwala ta fi wadda ba a taɓa ba nauyin jiki. Garin neman ƙiba an samo rama.

Akwai wani tarko na musamman ga mazauna wannan yanki. Lokacin da ya fi daɗin zama gaban kwamfuta shi ne hunturu, a Disamba da Janairu, lokacin da safiya ke da sanyi sosai. Saitin da ya ci jarrabawa a irin wannan safiya shaida ce ta ƙarya. Zafi yana ƙara yoyon lantarki a cikin furosesa, don haka bolt ɗin da ya wadatar a hunturu yana iya gazawa a bazara. Wanda ya nace sai ya tsawwala, to ya yi gwajinsa da tsakar rana a watan Afrilu, ko ya ajiye saiti biyu a BIOS, ɗaya na sanyi ɗaya na zafi.

4.0 Matakan Aiki da Gwaji

Kafin a taɓa komai, a sauke manhajar HWiNFO don ganin zafi da bolt, da Cinebench don auna ƙarfin aiki, da OCCT ko Prime95 don wahalar da furosesa. A gudanar da Cinebench a rubuta makin da aka samu da zafin da aka kai, tare da zafin ɗaki a lokacin. Idan na'urar da ba a taɓa ba ta riga ta haura digiri 85, magana ta ƙare, babu sararin ƙari.

Idan akwai sarari, a ɗaga maruɓanyi da lamba ɗaya tak, a sake kunnawa, a yi gwajin minti 15. In ta tsaya, a ƙara ɗaya. In allo ya yi shuɗi ko na'ura ta daskare, a ƙara bolt da 0.01 ko 0.02, ba fiye ba. Kada a bar bolt a kan saitin Auto yayin ɗaga gudu, domin madabod da yawa suna zuba wuta fiye da kima don su tabbatar na'ura ta tashi. Masu wannan harka sun saba tsayawa ƙasa da bolt 1.35 a tsofaffin furosesoshin Intel. Idan na'ura ta ƙi tashi gaba ɗaya, a cire ta daga wuta, a zare ƙaramin batirin da ke kan madabod na 'yan mintuna, saiti zai koma na asali.

Gwajin ƙarshe ya kai awa biyu aƙalla, sannan a bi shi da wasan da aka saba yi. A kuma leƙa Event Viewer na Windows a nemi kurakuran da ake kira WHEA, domin furosesa takan yi kuskuren lissafi a ɓoye ba tare da ta ɗauke ba. Ga mai amfani da na'ura ɗaya wajen wasa da wajen aikin mutane, irin wannan kuskure ya fi ɗaukewa muni, saboda yakan lalata fayil ba a sani ba.

Illar yawan bolt ba ta tsaya ga masu kasada ba. A shekarar 2024 Intel ya amince cewa wasu furosesoshinsa na zubi na 13 da na 14 suna neman bolt fiye da kima, abin da ke sa su lalace a hankali har su fara ɗaukewa a wasanni. Ya fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS, ya ƙara shekara biyu a kan garanti, amma wadda ta riga ta lalace ba ta dawowa. Garantin nan kuwa, ga wanda ya sayi kaya na hannu daga Computer Village a Ikeja aka aiko masa a mota, kusan labari ne kawai.

5.0 Rage Bolt da Sauran Gyare-gyaren da Suka Fi Riba

Dokar ninkin bolt tana aiki ta fuska biyu. Kamar yadda ƙaramin ƙari ke jawo babban zafi, haka ƙaramin ragi ke kawo babban sauƙi. Kamfanoni suna ba kowace furosesa bolt da ya ɗan zarce buƙatarta, don ko mafi rauni a cikin zubin ta yi aiki. Furosesoshin zamani kuma suna ɗaga gudunsu da kansu muddin suna da sararin zafi. Saboda haka rage bolt yakan haifar da ƙarin gudu a aikace, ba raguwa ba. A Ryzen na jerin 5000 zuwa sama ana yin wannan ta Curve Optimizer, a fara da ragin 10, a gwada, a ƙara da biyar-biyar. A Intel ana sa ragi na 0.05 na bolt a BIOS, idan madabod ya yarda. Mafi munin abin da zai faru shi ne na'ura ta ɗauke a koma saitin baya. Babu abin da ke ƙonewa. A ganin wannan maƙala, wannan ita ce tsawwalawar da ta dace da Sakkwato.

Akasarin wasanni ma katin hoto suke dogara da shi fiye da furosesa. Da manhajar MSI Afterburner ana iya rage iyakar wutar katin zuwa kashi 80, a yi asarar ɗan abin da ido bai cika gani ba, a samu sauƙin zafi da na ƙara. Haka nan, idan allon kallo hotuna 60 yake iya nunawa a daƙiƙa, barin kati ya riƙa zana 150 ƙona wuta ne a banza. A kayyade shi a 60 daga cikin saitin wasa.

Sai ma'ajiyar RAM. Sandar DDR4 da aka rubuta 3200 a jikinta takan tashi a 2133 ko 2400 har sai an kunna XMP a BIOS. Sanduna biyu na gigabait 8 kuma sun fi guda ɗaya ta 16 sauri, domin suna buɗe hanya biyu, kuma bambancin ya fi bayyana ga na'urar da ba ta da katin hoto na daban. Wannan gyara na sanda biyu yana aiki har a kwamfutocin ofis da aka kulle. Bayan duk wani sauyi a RAM, a bar MemTest86 ya zagaya cikakke.

6.0 Ƙura da Wuta

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana ɗauko ƙura mai laushi daga Sahara, wadda ke shiga tsakanin siraran ƙarafan na'urar sanyaya ta toshe su kamar auduga. A ɗaga akwatin kwamfuta daga ƙasa zuwa kan tebur. A sa fankokin da ke shigar da iska su fi masu fitarwa yawa, a rufe gabansu da raga, ta yadda iska za ta riƙa fita ta ramukan akwati maimakon ƙura ta shiga ta nan. A hure cikin da bulowa sau ɗaya a wata a lokacin hunturu, ana riƙe da fanka da yatsa kada ta yi juyin da zai lalata ta. Yana da muhimmanci a yi babbar shara kafin damina, saboda ƙurar da ta sha laimar Agusta tana iya ɗaukar lantarki. Man da ake shafawa tsakanin furosesa da na'urar sanyaya shi ma yana bushewa. A tsohuwar na'ura ta hannu, goge shi da sa sabo gwargwadon ƙwayar gero biyu zuwa uku yakan sauke zafi a fili.

Batun wuta shi ne na ƙarshe amma yakan rikita ganewar matsala. Na'urar da ke ɗaukewa duk lokacin da aka tayar da injin walda ko na markaɗe a unguwa ba saitin BIOS ne ke damunta ba, kuma ƙara mata bolt zai ƙara ta'azzara abin ne kawai. Akwatin wutar kwamfuta mai shaidar 80 Plus daga kamfani sananne ya fi jure hawa da saukar lantarki. Masu amfani da sola su lura cewa irin waɗannan akwatunan wuta ba su cika jituwa da inbata mai araha da ke fitar da wuta mai kusurwa ba; inbata ko UPS mai tsabtatacciyar wuta, wadda aka rubuta pure sine wave a jikinta, ita ake nema. Wat 43 da tsawwalawar misalinmu ta ƙara, idan aka yi wasan awa huɗu a dare, ya haura wat-awa 170 da za a cire daga batir kowace rana. Sabunta BIOS kuwa kada a kuskura a fara shi a kan wutar gari ko janareta ba tare da UPS ba, domin ɗaukewar wuta a tsakiyarsa tana iya kashe madabod.