Ladubban Gyaran Gemu Da Gashin Baki Ga Mai Koyon Wanzanci

'Yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako ya fuskanci samarinmu masu koyon aski ne, ko a gindin zabirar wanzami ko a shago. Lalle ne su sani cewa duk wanda ya miƙa musu fuskarsa, amana ya ba su, kuma ba a riƙon amana sai da ilmi.

Farko dai, gashin baki. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, cewa rage shi yana cikin abubuwa biyar na fiɗira, watau tsabtar da aka halicci ɗan Adam a kanta. Muslim kuma ya ruwaito daga Anas cewa an iyakance wa Sahabbai kada su bar shi ya wuce kwana 40. Amma yaya ake ragewar? Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, ya tafi a kan cewa a rage shi har gefen leɓen sama ya bayyana, kuma ya ƙi a aske shi ƙwal. Waɗansu malamai, kamar na mazhabar Abu Hanifa, sun fi son a ƙure shi. Saboda haka ɗalibi ya tambayi mai gashi tukuna.

Ga yadda aikin yake. Ka taje gashin zuwa ƙasa yana busasshe, domin jiƙaƙƙen gashi yakan miƙe ya ruɗi ido, sai ya bushe a tarar an zarce. Mutum ya rufe bakinsa ba tare da ya matse leɓe ba. Ka sa bakin almakashi ka bi layin leɓe kaɗan-kaɗan, kana farawa daga dama. Ai Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, gefen dama na kansa ya fara miƙa wa mai aski a Mina, a Hajjin Bankwana, shekara ta 10 bayan Hijira.

Na biyu, gemu. Hadisin Abdullahi ɗan Umar ya zo da umurnin a bar shi ya cika, kuma mafi yawan malamai sun hana aske shi. Sai dai Buhari ya ruwaito cewa shi Ibnu Umar ɗin, idan ya yi Hajji ko Umra, yakan damƙi gemunsa ya yanke abin da ya wuce damƙa. Risala ta Ibnu Abi Zaidin ta kawo cewa Malik bai ga laifin rage tsawonsa ba idan ya yi yawa ƙwarai. Ashe aikinka a nan daidaitawa ne. Ka taje shi, ka bi gashin da ya yi zarra da almakashi, ka riƙa ja da baya kana gwada dama da hagu. Kada ka kai injin aski cikinsa sai da izni, gama abin da mutum ya shekara yana tarawa, kuskure ɗaya ya isa ya kwashe shi. Kada kuma ka cire furfura, domin an karhanta haka.

Na uku, tsabtar kayan aiki. Likitoci sun tabbatar cewa ciwon hanta yana yaɗuwa ta hanyar aska ko reza da ta taɓa jinin mai cutar, haka nan makero yana bin mataji da inji. Shari'a kuwa ta hana cutar da mutane. Kowane mutum a buɗe masa sabuwar reza a gaban idonsa, aska da almakashi a wanke su a tafasa, a goge inji da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Hausawa sun ce wanzami ba ya son jarfa. To, abin da ba ka yarda a ɗora a fuskarka ba, kada ka ɗora a ta ɗan'uwanka.

Iyayen gida masu koyarwa, nauyin sanar da yaranku waɗannan hukunce-hukunce yana wuyanku, kamar yadda kuke koya musu riƙon aska. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya ba mu ikon aiki da abin da muka karanta, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.