Abin Sha a Ranar Sallah: Shawarwari Bakwai ga Uwargida

A Nima, Maamobi da Accra New Town, ranar Sallah tukunyar nama ce ke ɗauke hankalin kowa. Sai baƙi sun zauna a tuna da abin sha, a tura yaro ya sayo lemon kwalba. Alhali namu na gida ya fi araha, muddin kin san wanda kwana ke ƙara wa daɗi da wanda kwana ke ɓatawa.

1. Sayi busassun kaya da wuri. Ki leƙa kasuwar Nima ranar Laraba, ko kasuwar Malam Atta, mako biyu kafin Sallah, tun farashi bai tashi ba. Zoɓo, tsamiya, kanumfari da kimba duk suna jure ajiya. Zaɓi zoɓo mai duhun ja, wanda ya bushe ƙayau, babu warin fumfuna.

2. Dafa zoɓo tun jajibiri. Ki tafasa shi da citta, kanumfari da ɓawon abarba da kika wanke tas, a tukunyar da ba ta alminiyam ba, domin tsaminsa na cin alminiyam. Ki tace, ya kwana a firji, ƙamshin ya kama jikinsa. Sukari kuwa sai da safe, don zoɓo mai zaƙi in ya ji zafi yakan fara kumfa.

3. Kunun aya da burkina ba su son kwana. Ki jiƙa ayar da dare, ki markaɗa bayan sallar Asuba, a shanye a ranar. Da kin ji ya fara tsami ko yauƙi, zubar da shi ya fi zuwa asibiti sauƙi.

4. Ba kowane abinci abokin tafiyarsa. Soyayyen naman layya da tsire suna son lamurji mai tsamiya da citta, saboda yana yanke maiƙo. Waakye da shito ko dafa-duka, zoɓo mai sanyi ne ke kwantar da yajinsu. Fura da nono kuma a jinkirta ta zuwa bayan la'asar, kada ta cika ciki a bar miki tuwo da miyar ayoyo a kwano.

5. Fito da tsohuwar zuma. Da ita ake magani, in ji Bahaushe, kuma cokali biyu sun isa su gyara jug ɗin lamurji. In ta daskare ba lalacewa ta yi ba, ki tsoma kwalbar a ruwan ɗumi ta narke.

6. Yi ƙanƙara da zoɓon kansa. Ƙanƙarar ruwa na tsinka abin sha ya koma salam. Ki daskarar da kwalabe uku ko huɗu, ki jera su a kula, ko an ɗauke wuta kina da mai sanyi har dare.

7. Ware wa dattawa nasu. Ki ajiye jug ɗaya marar sukari domin masu ciwon suga. Zoɓo na sauke hawan jini, don haka mai shan maganinsa da mai juna biyu su tambayi likita tukuna.

In za ki aika wa maƙwabta abincin Sallah, ki haɗa da kwalba ɗaya mai sanyi. A sha lafiya, Allah ya maimaita mana.