'Ya'yan Wa Ke Zuwa Yaƙi? Darasi Daga Tabuka

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Idan ana ba da labarin yaƙi, akan faɗi wanda ya ci nasara, akan faɗi adadin waɗanda suka mutu. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne 'ya'yan wa suka mutu, kuma 'ya'yan wa suka kwana a gida. A kan wannan karatunmu na yau zai tsaya.

Bari mu fara da Abu Lahab. A shekara ta 2 bayan Hijira, da Ƙuraishawa suka yi gangamin fita Badar, kusan duk manyan Makka sun fita, amma shi bai fita ba. Akwai wani mutum mai suna Al-As bin Hisham wanda Abu Lahab ke bi bashin dirhami 4,000, ya kasa biya. Sai Abu Lahab ya tura shi a madadinsa, bashin ya zama ladan tafiya. Al-As ba ɗan ƙaramin gida ba ne, Bamakhzume ne, amma bashi ya karya shi har ransa ya zama abin biya. Ya je Badar, kuma a can aka kashe shi. Ka ga, mai kuɗi ya sayi jinin wanda yake bi bashi.

Kada ka ɗauka wannan ɗabi'a ta mutu da jahiliyyar Makka. A Amurka, ana tsakiyar yaƙin basasarsu, a watan Maris na 1863 majalisa ta yi dokar ɗaukar soja ta dole. Amma an bar ƙofa a cikin dokar: wanda sunansa ya fito yana iya biyan dala 300 a ƙyale shi, ko ya ɗauko wani ya tafi a madadinsa. Dala 300 a lokacin ta kusa abin da lebura ke samu a shekara guda cur. Wato an yi ƙofar daidai faɗin aljihun attajiri. Grover Cleveland, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasar, yana cikin waɗanda suka ɗauki ɗan madadi. A ɓangaren Kudu masu tawaye kuwa, tun 1862 suka yi doka cewa gonar da ke da bayi 20 ana ɗauke wa Bature ɗaya a cikinta zuwa yaƙi, alhali yaƙin kansa a kan bautar ake yinsa. Wanda ya fi kowa cin moriyar abin da ake faɗa a kai, shi aka fara ba izinin zama.

A watan Yulin 1863 talakawan birnin New York, akasarinsu baƙi 'yan ci-rani daga Ailan, suka yi bore na kwana huɗu, mutum sama da 100 suka mutu. Abin takaici, fushin nasu bai tsaya a kan waɗanda suka yi dokar ba. Suka auka wa baƙar fata, suka kashe da dama, har gidan marayun baƙar fata suka ƙona. Talaka ya huce a kan wanda ya fi shi rauni. Wannan kuma mun san shi, ba sai an je Amurka ba.

Bayan shekara ɗari, a yaƙin Biyetnam, salon ne kawai ya canza: ɗalibin jami'a ana ɗaga masa ƙafa, wanda iyayensa ba su da kuɗin jami'a shi ake kwashewa. Kuma kada wani ya ce ai halin Nasara ne. Daular Usmaniyya ma ta yi tsarin biyan kuɗi a madadin aikin soja, Turkiyya kuma a 2019 ta mayar da irin wannan tsari na dindindin a dokarta.

To, yanzu mu je Madina mu ga yadda aka auna wannan al'amari.

A watan Rajab, shekara ta 9 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) ya yi kiran fita zuwa Tabuka don fuskantar Rumawa. Tafiya ce ta kusan kilomita 700 a cikin sahara, ana tsananin zafi, ga fari, ga shi dabino ya nuna, lokacin da kowane mai gona yake son zama a inuwar gonarsa ya kula da amfaninsa. A al'adarsa (SAW) yakan ɓoye inda za a dosa, amma wannan karon ya faɗa ƙarara, don kowa ya yi shiri daidai da nisan hanya. Saboda wahalar da ke ciki ake kiran wannan runduna Jaishul Usra, rundunar tsanani. Mutum kusan 30,000 suka fita. Abin hawa ya yi ƙaranci har mutane da yawa suna karɓa-karɓa a kan raƙumi ɗaya, ƙishirwa ta kai ana yanka raƙumi don a sami ɗan ruwan da ke cikinsa.

Farkon waɗanda nauyi ya hau kansu masu hali ne. Sayyidina Usman bin Affan (RA) ya ba da raƙuma 300 da sirdunansu da kayansu, ya kuma kawo dinari 1,000. Abdurrahman bin Auf (RA) ya kawo dukiya mai yawa. Kuma malaman tarihi da dama a nan suke kawo labarin nan da muka sani, na Sayyidina Umar (RA) da ya kawo rabin dukiyarsa, Sayyidina Abubakar (RA) ya kawo duka tasa.

A nan wani zai iya cewa, “To Malam, ai su ma kuɗi suka biya, meye bambancinsu da mai dala 300?” Bambancin shi ne sun biya, kuma sun tafi. Abubakar da Umar suna cikin waɗanda suka sha wannan ƙishirwa. Abdurrahman bin Auf, babban attajirin Madina, a cikin wannan tafiya ce ya ja wa mutane sallar asuba, Manzon Allah (SAW) ya iso ya bi shi raka'a ɗaya. Ba a kasuwar Madina ya ja wannan salla ba, a hanyar Tabuka ce. Shari'a ta yi alkawarin lada ga wanda ya shirya mayaƙi da dukiyarsa, haka ne, amma idan shugaba ya yi kiran kowa da kowa kamar yadda aka yi a Tabuka, dukiya ba ta fanshi jikin mai lafiya ba. Ƙarin nauyi ce a kansa.

Su kuma talakawa fa? Wani sahabi, Abu Aƙil (RA), ya yi aikin ƙarfi aka biya shi, ya kawo ɗan dabinon da bai wuce cikin tafi biyu-uku ba. Munafukai suka yi ta dariya, wai Allah ba ya bukatar wannan ɗan abu. Wanda ya kawo da yawa kuma suka ce riya ce. Aya ta 79 a Suratut Tauba a kansu ta sauka. Duba ka ga, masu dariyar nan ba su ba da komai ba.

Sai waɗanda ake kira Al-Bakka'un, wato masu kuka. Malaman sira sun ce su bakwai ne, a cikinsu akwai Ulba bin Zaid da Salim bin Umair da Abdullahi bin Mugaffal. Suka zo wurin Manzon Allah (SAW) suna neman abin hawa kawai, ya ce ba shi da abin da zai ɗora su a kai. Suka juya suna hawaye. Ba kukan an tilasta musu tafiya suke yi ba, kukan an bar su suke yi. Ibn Ishaƙ ya kawo cewa wani sahabi, Ibn Yamin, ya gamu da biyu daga cikinsu suna kuka, ya ba su raƙuminsa da guzurin dabino, suka tafi.

Ku buɗe Suratut Tauba ku karanta daga aya ta 91 zuwa ta 93 a tsanake, domin nan ne zuciyar darasin. Ayoyin sun ɗauke laifi daga raunana, da marasa lafiya, da waɗanda ba su da abin ciyarwa, da waɗannan masu kuka, matuƙar zuciyarsu na tare da Allah da Manzonsa. Sannan aka nuna inda laifin yake: a kan waɗanda suka zo neman izinin zama alhali mawadata ne. Aya ta 86 ma ta riga ta ambaci masu hali da suka nemi a bar su tare da mazauna gida. Dokar 1863 ta buɗe ƙofa ga mai kuɗi ta rufe wa matalauci. A nan an buɗe wa matalauci, an tsare mai kuɗi a bakin ƙofa ana tambayarsa.

Kuma ba a kan munafukai kaɗai ma'aunin ya tsaya ba. Ka'ab bin Malik (RA) mumini ne na gaske, ya halarci mubaya'ar Aƙaba. Shi da kansa ya ba da labari cewa bai taɓa samun ƙarfi da wadata irin na lokacin Tabuka ba, har abin hawa biyu yake da su. Yau zai shirya, gobe zai shirya, har runduna ta yi nisa. Da aka dawo, mutum tamanin da 'yan kai suka zo da uzurori da rantsuwa, aka karɓi zahirinsu aka bar su da Allah. Ka'ab ya faɗi gaskiya cewa ba shi da uzuri. Aka hana kowa yi masa magana, shi da Murara bin Rabi'u da Hilal bin Umayya, har dare 50, kafin karɓar tubarsu ta sauka. Wani abu da ya faɗa yana taɓa ni ƙwarai: lokacin da runduna ta tafi, idan ya fita cikin gari ba ya ganin kowa sai wanda ake zargi da munafunci ko wanda Allah ya yi wa uzuri. Wato a Madina, mai lafiya mai hali ya zauna a gida abin kunya ne. Kar ka manta, ba a ma gwabza a Tabuka ba. An yi zaman kusan kwana 20 aka dawo. Ba don rashinsa ya jawo asara aka hukunta shi ba. Don ya bar wasu su ɗauki kasonsa ne.

Akwai kuma Abu Khaisama (RA), wanda ya shiga gonarsa bayan runduna ta tafi, ya tarar matansa biyu kowacce ta yayyafa wa rumfarta ruwa, ta sanyaya ruwan sha, ta shirya abinci. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ga ba adalci ba ne yana cikin wannan inuwa Manzon Allah (SAW) yana cikin rana. Bai shiga ko ɗaya daga rumfunan ba, ya ɗaura sirdi ya bi su har Tabuka.

Abin da ya sa wannan tsari ya yi aiki shi ne gidan shugaban ne a gaba. A Badar, da aka nemi 'yan fito-na-fito, Hamza da Aliyu da Ubaida bin Haris ya tura, duk danginsa, Ubaida kuma raunin da ya samu ne ajalinsa. A Uhudu aka kashe baffansa Hamza, shi kansa (SAW) aka ji masa rauni a fuska, haƙorinsa ya karye. A Mu'uta, Zaid bin Harisa da ya tashi a gidansa da Ja'afar ɗan baffansa suka yi shahada a rana ɗaya. Wanda ya binne nasa haka, idan ya ce a fita, ba mai cewa yana wasa da 'ya'yan mutane.

Wata 'yar tunatarwa kafin mu ci gaba, don kada wani ya ɗauki wannan karatu ya kai shi inda ba a aike shi ba. Kiran yaƙi hurumin hukuma ne, ba na duk wanda ya sami lasifika ba. Kuma wannan ma'auni da kansa ya ishe ka gane maƙaryaci. Duk wanda ke zuga yaran talakawa su shiga daji, ko su ɗauki gora da wuƙa ranar zaɓe, tambaye shi ina nasa 'ya'yan suke.

A ƙasarmu abin ba baƙo ba ne. A Yaƙin Hitila, Turawan Ingila sun kwashi dubban 'yan Afirka ta Yamma zuwa dazukan Bama a Runduna ta 81 da ta 82, da yawansu daga Arewa, kuma akasari 'ya'yan manoma ne da aka samo ta hannun masu sarauta. Yau Najeriya ba ta da dokar ɗaukar soja ta dole, amma rashin aikin yi yana yin aikin dokar. Je ka ga layin masu neman shiga kurtu, ka dubi takalman da ke ƙafarsu. Yawancinsu albashi suke nema su riƙe iyaye da ƙanne. Su ne ake turawa Sambisa da bakin Tafkin Chadi da dazukan Zamfara, tare da 'yan sa-kai waɗanda su ma ba daga gidajen masu hali suka fito ba. Mu kuma da ke kwana lafiya a cikin gari, a bayan ƙirjinsu muke kwana.

Hadisin da ya yi alkawarin lada ga wanda ya shirya mayaƙi, shi ne kuma ya yi alkawarin irin wannan lada ga wanda ya kula da iyalin mayaƙi da alheri a bayansa. Wannan rabin na biyu mun fi mantawa da shi. A unguwanni da yawa akwai matar soja ko ɗan sanda ko ɗan sa-kai da aka kawo wa labari, ta fita takaba da yara uku ko huɗu, kuɗin haya na jiranta, kuɗin makaranta na jiranta, haƙƙin mijin kuma ana ta kai-kawo da takardu. Kwamitin masallaci ya san gidan, mai unguwa ya san gidan. Idan matalauciya ce, zakka ta halatta a kanta da marayunta, kuma ba sai an jira watan azumi ba.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Wallahu a'alam.