Babbar Motar Lantarki Ko Ƙarama: A Yi Lissafin Yunit Kafin A Sauya

Zuwa ga 'yan'uwana na Lafagu, Bagudo, Kaoje, Illo, Lolo, Tsamiya da sauran garuruwanmu na bakin iyaka.

Sana'ata haɗa sola da duba batir. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, tambayoyin da ake kawo mini shago suka sauya salo. A da maganar ba ta wuce fanka da firiji da famfon ban-ruwa ba. Yanzu kuwa batirin babur ne, da na keke napep, jefi-jefi har da na mota. Mu mutanen iyaka mun riga kowa ɗanɗana wahalar mai, domin a watan Nuwamba na 2019 aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka, muka koma hannun 'yan bumburutu. Shi ya sa duk abin hawan da ba ya shan mai yake saurin shiga ranmu.

A 'yan kwanakin nan tambaya ɗaya ce take ta maimaita kanta: "Malam, wannan babbar ta fi ƙarfin wutar gidana. In sayar in sayi ƙarama?" Mai mota yakan tambaya, mai keken ɗaukar kaya ma haka, yana tunanin komawa babur. Amsar da nake ba su guda ce. Kada girman abin hawa ya yanke maka shawara, kada kuma arhar ƙaramin ta ruɗe ka. Tafiyar da kake yi a kullum da wutar da kake iya samu a kullum, su ne alƙalai.

Yunit shi ne litar lantarki

Duk mai mitar kati ya san yunit. Da shi ake auna cikin batir, da shi kuma ake auna abin da mota take ci a hanya. Hyundai Kona ta lantarki, wadda kamfanin Stallion ya harhaɗa a Legas aka ƙaddamar da ita lokacin da Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, yake shugabantar hukumar ƙera motoci ta ƙasa, batirinta yana ɗaukar yunit 64. Akwai manyan jif-jif da nasu ya haura 80. A ɗaya gefen kuma, 'yar ƙaramar Wuling Mini ta ƙasar Sin da ta fito a 2020 ta zo ne da batirin yunit 9 zuwa 14. Baburan lantarki da yawa suna zuwa da batir mai bolt 72 da amfiya 40, wanda bai cika yunit 3 ba.

Ga ƙiyasin da nake aiki da shi a tafiyar kilomita 100. Babbar jif tana cin yunit 20 ko fiye. Ƙaramar motar cikin gari wajen 10. Keken fasinja 6 zuwa 8. Babur 3 zuwa 4. Kaya da yashi da na'urar sanyi duk suna ƙara wa wannan lissafi nauyi.

Sai mu duba inda wutar za ta fito. Faifan sola guda mai wat 550, in an kafa shi daidai kuma ana share masa ƙura, yakan ba da yunit 2 zuwa 2 da rabi a wuni a irin ranarmu. A lokacin hazo da tsakiyar damina abin yakan ragu. To, mutumin da yake tafiyar kilomita 60 a rana, in babbar jif gare shi, yana buƙatar yunit 12, wato faifai shida ke nan na mota kaɗai, in aka haɗa da abin da ke salwanta wajen caji. In ƙaramar mota ce, uku sun isa. Mai keke biyu, mai babur ɗaya.

A nan akwai abin da mutane da dama ba su lura da shi ba. Ba dole ne ka cika batir daga ƙasa zuwa sama kullum ba. Abin da ka ci jiya shi kaɗai za ka mayar yau. Saboda haka girman batir ba laifi ba ne a karan kansa, ajiya ce. Matsalar babbar mota ita ce yawan cinta a kowace kilomita, da tsadar batirinta ranar da ya gaji, da tsawon lokacin da za ta ɗauka a soket in ta dawo fanko daga doguwar tafiya. Cajar hannu da ke zuwa da mota tana jan abin da bai wuce yunit biyu da 'yan kai a awa ba. Batirin yunit 64 zai kwana ya wuni a jone kafin ya cika, shi ma in wutar ba ta ɗauke ba. Wa ya taɓa ganin wutar Nefa ta yi mana irin wannan zama a ƙauyukanmu?

Gida biyu, shawara biyu

Motocin lantarki masu ƙafa huɗu ba su yawaita a nan ba tukuna. Waɗanda na duba, yawancinsu na 'yan'uwanmu ne da suka sayo a birni suka dawo da su gida. Wani Alhaji mai harkar shanshera ya kira ni yana kukan batiran gidansa sun mutu, alhali ba su daɗe ba. Da na je, na tarar da waya ta ratsa ta tagar falo zuwa gareji, soket ɗin ya yi baƙi, robarsa ta narke a gefe guda. Ashe da daddare yake jona motar a inbatar gida. Batiran da aka saya domin fanka da fitila da firiji su ne ake tatsa a shayar da jif. Kafin tsakar dare gida ya yi duhu, yara suna juyi a cikin zafin bazara.

Na roƙe shi ya ajiye ɗan littafi a mota, ya riƙa rubuta lambar mita da safe da yamma. Da muka zauna muka duba, kusan duk tafiyarsa daga gida zuwa sito ce, sai kasuwa da masallaci. Birnin Kebbi kuwa sai ta kama, kuma ko da ma a motar haya yake zuwa saboda tsoron kada caji ya ƙare masa a hanya. Na ce, "Alhaji, kana ciyar da abin da ba ya yi maka aikin girmansa." Ya sayar, ya sayi ƙarama, rarar kuɗin ya ƙara faifan sola. Yanzu da rana tsaka yake caji, wuta daga faifai kai tsaye, batiran gida suna hutawa.

Na biyu wani matashi ne mai keken kaya, yana ɗauko albasa da buhunan shinkafa daga fadama. Ya ga abokansa 'yan kabu-kabu suna cika baburansu cikin ɗan lokaci, shi ma ya so ya koma babur. Na tambaye shi buhu nawa yake ɗorawa a sahu ɗaya, sannan babur zai ɗauki nawa. Da kansa ya gano cewa sahu ɗayan keke zai zama uku ko huɗu a babur, wutar da yake son ragewa za ta dawo ta bayan gida, ga ɓata lokaci, ga wahalar da injin. Ciwonsa na gaskiya batirin dalmar da ke cikin keken ne, wanda ya riga ya gaji. Muka sauya masa da na litiyam, ya ci gaba da sana'arsa. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Abin da ƙaramar mota ba za ta yi maka ba

Ina goyon bayan ƙaramar mota ga mafi yawan mutanenmu, amma amana ce in faɗi rauninta. Yawancin ƙananan nan domin kwaltar birni aka ƙera su. Tayoyinsu ƙanana ne, cikinsu yana kusa da ƙasa, batirin kuma a nan ƙasan yake shimfiɗe. Mu kuwa muna gaɓar kogin Kwara. Kowa ya san yadda hanyoyin ƙauyukanmu suke komawa a watan Agusta da Satumba, kuma ba mu manta da ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a Kebbi ba. Dutse guda ya daki akwatin batir, ko ruwan kwazazzabo ya shige shi, asarar za ta iya kai rabin kuɗin motar. In hanyar gidanka tana yankewa da damina, ka sunkuya ka duba tsayin cikin motar da idonka kafin ka biya.

Sai nisan zango. Kilomitar da kamfani ya rubuta a takarda an auna ta ne a kan hanya mai santsi, ba kaya, ba zafi. Ni nakan cire kashi ɗaya cikin huɗu kafin in fara lissafi. Wanda yake yawan zuwa Koko, Jega ko Birnin Kebbi ya fara auna nisan da mitar motarsa, ya kuma san takamaiman inda zai jona in ya isa. A 2021 an buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, kuma Maiduguri ta yi nisa da motocin haya na lantarki, har da waɗanda Mustapha Gajibo ya ƙera. Mu a wannan kusurwa, tasharka ita ce rufin gidanka. Ga mai doguwar tafiya a kai a kai, babban batir shi ne rufin asiri, kuma irinsa nakan ce ya riƙe babbarsa ya ƙara faifai.

Akwai kuma iyali. Motar mutum huɗu a takure ba za ta kai maigida da uwargida da yara biki ko asibiti ba. Ka tuna da ranar da za a ɗauki mai naƙuda da tsakar dare, ka tambayi kanka ko abin da za ka saya zai yi wannan aiki.

Kafin kuɗi ya bar hannunka

Ka fara tambayar irin batirin. Na dalma yana da arha, amma bayan caji 'yan ɗaruruwa yake sanyi. Na litiyam, musamman wanda ake rubuta wa LFP, yana kai caji dubu biyu zuwa sama, kuma ya fi jure zafi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a inda zafin Maris da Afrilu yake haura digiri 40. Araha ba ta ado.

In 'yar hannu ce, a jona na'ura a karanta lafiyar batirin a gabanka. Fenti da kujeru ba sa nuna shekarun batir. Wanda lafiyarsa ta sauka ƙasa da kashi 80 cikin 100 ya fara gangara, sai farashin ya nuna hakan. Haka shi ma mai sayen taka zai yi maka, don haka ka san abin da za ka rasa a cinikin kafin ka ƙulla na biyu. In giɓin ya fi kuɗin ƙarin faifai da babbar inbata, zama da taka ya fi riba.

Ka duba bakin caji. Motocin Sin, na Turai da na Amurka kowanne da irin nasa, wasu na Amurka ma cajarsu ta bolt 120 ce, tamu kuwa 230. Ka tambayi wanda zai gyara da inda za a samo kayan gyara. In amsar ita ce "sai an aika Legas", ka lissafa kwanakin da za ta yi a ajiye.

Masu leƙawa ƙetare sun ga baburan Spiro, kamfanin da ya fara aiki a Benin da Togo a 2022, inda ɗan acaɓa yake ajiye batirin da ya ƙare ya ɗauki cikakke a tasha. Tsari ne mai kyau, amma ƙarfinsa yana jikin tashoshin. Babur irin wannan a garin da babu tashar musaya ba zai amfane ka ba. Kuma duk abin hawan da ya fito ta Kwatano, ka tabbatar takardun kwastam ɗinsa cikakku ne, domin a farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma mutane da yawa sun yi asara a kan rashin takarda.

Babba ko ƙarama, a kiyaye waɗannan saboda rai. Kada a yi caji a ɗakin kwana ko a bakin ƙofar da ita kaɗai ce mafita. Kada a ja wuta da siririyar wayar kasuwa. A sa mai aikin wuta ya ja layi na musamman da abin katse wuta da wayar ƙasa. A bar batir ya huce a inuwa bayan tafiya kafin a jona. Batirin da ya kumbura, ko yake wari, ko ya nutse a ruwa, a fitar da shi fili nesa da mutane, a kira wanda ya san aikin. Gobarar litiyam tana da wuyar kashewa, kuma takan sake tashi bayan an zaci ta mutu.

Shawarata ga duk mai wannan tunani ita ce ya jinkirta ciniki, ya rubuta tafiyarsa ta wata guda, ya rubuta nauyin da yake ɗauka da awannin da yake samun wuta. Ya kai wa ma'aikacin sola da ya amince da shi, su zauna su buga lissafin tare. In takardar ta nuna ƙarama ta ishe ka, ka sauya ba tare da jin kunyar kowa ba, domin masu cewa Alhaji ya yi ƙasa ba su za su saya maka batir ba. In kuma ta nuna aikinka na babba ne, ka riƙe abinka ka gyara wutar gidanka.

Wanda ya karanta ya isar wa ɗan'uwansa da ke shirin saye. Allah Ya sa albarka a cikin nemanmu, Ya tsare mu da asara, Ya kai mu gidajenmu lafiya.