Kafin Ki Sayi Irin Tumatir, 'Yata

'Yata, na ji an ce tsadar kayan miya ta ishe ki, har kin ƙudurta shuka tumatir a tsakar gida. Na ji daɗin wannan niyya, Allah ya yi miki albarka. Amma kafin ki aiki yaro ya sayo iri, ki fara tambayar kanki wane wata ake ciki. Hoton jan tumatir ɗin da ke jikin fakiti ba zai gaya miki wannan ba, mai shago kuwa abin da ke gabansa zai miƙo miki.

Tumatir ɗan sanyi ne. Yana son hasken rana sosai, amma in zafi ya kai wajen digiri 35 da rana, dare kuma bai huce ba, sai ki ga shuka ta yi ganye shar, ta yi fure, furen ya bushe ya zube ba ɗa ko ɗaya. Shi ya sa manoman rani na Kadawa da Kura da Bunkure, masu shan ruwan madatsar Tiga, suke renon iri da ɗaukewar damina, su yi dashe da shigowar hunturu. Daga Janairu zuwa Maris kwanduna sun cika kasuwar Kwanar Gafan, tumatir ya yi araha har ana yanka shi ana shanya kauɗa. Da bazara ta kama sai ya yi wuya, kuɗinsa ya tashi. Ke ma, tunda yanzu za ki fara, ki bi sawunsu ki fara da hunturu. Lokacin ne ya fi yafe wa sabon hannu.

Irin hunturu ba ya wuyar samu. Akwai wanda manoma ke kira UTC. Yana da tauri da tsoka, ruwansa kaɗan, yana kwanaki bai lalace ba. Akwai kuma Roma VF, dogon nan. Su biyun gajerun shuka ne, ba sa yaɗo mai nisa, kuma 'ya'yansu kusan tare suke nuna. Ki lura da wannan, domin in kika dasa duka rana ɗaya, to rana ɗaya za su taru miki, ki ci ki raba ki shanya, bayan 'yan makonni kuma ki koma kasuwa. Gara ki raba shukar kashi biyu ko uku, da tazarar mako biyu ko uku a tsakani. Ni dai UTC nake zaɓa wa mai farawa, don miyarsa tana kauri, ba ya cin itace ko gas wajen tsane ruwa.

Damina kuwa wani al'amari ne daban, kuma nan mutane suka fi yin asara. Ki ga shuka lafiya lau da safe, ganyenta kore, da yamma ta yi yaushi kamar an zuba mata tafasasshen ruwa. Ba ƙishi ba ne, kada ki ƙara mata ruwa. Cuta ce da ke zaune a cikin ƙasa, tana shiga ta saiwa ta toshe hanyar ruwa. In kina son tabbatarwa, ki yanke karan ki tsoma a kofin gilas mai ruwa garau, za ki ga wani farin abu yana tsiyayowa daga bakin yankan. Wadda ta kamu ba ta da magani. Ki tuge ta, ki fitar da ita daga gidan tare da ƙasar da take ciki. Don haka irin damina sai wanda aka tanada don jure wannan cuta, irin su Platinum F1 da Padma F1 na kamfanin East-West Seed, ko Cobra F1 na Technisem. Suna da tsada, amma ke da ba gona za ki cika ba, ƙaramin fakiti ya ishe ki har ki sam wa maƙwabciya.

Wannan F1 ɗin da kike gani yana nufin irin aure ne, an haɗa iyaye biyu aka samo shi. Yana ba da yabanya mai kyau, amma in kika cire ƙwayar 'ya'yansa kika sake shukawa, jikokin ba za su yi kama da shi ba, kowanne da halinsa. UTC da Roma kuwa kina iya ajiye irinsu. Ki zaɓi nunannen ɗa daga shukar da ta fi lafiya, ki matse ƙwayoyin a kofi, ki bar su kwana biyu ko uku har yauƙin ya sake su, ki wanke, ki shanya a inuwa, ki ƙulle a takarda. Kada kuma ki raina ƙananan nan na gargajiya masu ruwa da ɗan tsami, waɗanda kan fito da kansu a gefen bola. Ba su da kasuwa, amma suna da juriya, suna kuma daɗewa suna ba da 'ya'ya, kuma a kwaɗo ko dafa-duka ba su da na biyu.

Aikin shukar ba mai yawa ba ne. Ki yi reno a tsohon kwano mai huda, ki barbaɗa irin sama-sama, ki rufe da ƙasa 'yar kaɗan. Bayan mako uku zuwa huɗu, in ya kai tsawon tafin hannu, ki dasa da yamma. Buhun shinkafa ko bokitin fenti ya isa, a huda gindinsa, a cika da ƙasa mai kyau haɗe da takin awaki ko na shanu wanda ya ruɓe sarai. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. Shuka ɗaya a buhu ɗaya, ko da ranki yana so ki cusa uku. Ki nutsa karan cikin ƙasa har kusa da ganyen farko, domin tumatir yana fitar da saiwa daga jikin karansa. Ki ajiye buhunan inda rana ke bugawa aƙalla awa shida, ki kafa wa kowanne sanda tun yana ƙarami. Ƙasar da aka taɓa shuka tattasai ko attarugu ko gauta a cikinta, ki kauce mata, don dangi ɗaya ne, cutarsu ma ɗaya.

Ban-ruwa shi ne inda nake so ki fi natsuwa. Ki zuba a gindi da safe, ba a kan ganye ba, kuma kada ki yi yau ambaliya gobe fari. Baƙin tabon nan da kan fito a ƙasan ɗan tumatir, mutane su ce cuta ce su ruga sayen magani, yawanci daga nan yake: ruwa bai daidaita ba, sinadarin kalsiyam bai isa ga ɗan ba. Ruwan sabulun wanki ma kada ki ba shi. Ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa a bakin buhun, tana riƙe laima.

Sai tsutsar nan da manoman Kano ke kira sharon, wadda masana ke ce wa Tuta absoluta. Daga Kudancin Amurka ta fito, kuma a 2016 ta yi ɓarnar da har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Tana shiga tsakanin fatar ganye ta ci cikinsa, ta bar farin tabo shara-shara. A nan mai buhu goma ta fi mai kadada sa'a, domin idonki zai iya zagaye kowace shuka. Kullum da safe ki juya ganye ki duba bayansa. Wanda kika ga tabon, ki tsinke ki murƙushe. Farin ƙudan nan ƙanana, masu sa ganye ya nannaɗe, su ma a bayan ganye suke fakewa. Ki daka 'ya'yan dogon yaro, ki jiƙa su kwana, ki tace, ki fesa da yamma. Maganin kanti kuwa, a gidan da yara ke rarrafe, kaji na tsattsaga, ki bar shi sai dole, in kuma kin fesa ki jira kwanakin da aka rubuta kafin ki tsinka.

Wajen wata biyu da rabi bayan dashe za ki fara ɗiba, in Allah ya yarda. Ki fara da buhu biyar ko shida, iri biyu, ki rubuta sunan kowanne a jikin buhunsa, don baɗi ki san wanda ya karɓi ƙasar gidanki. Allah ya ba da sa'a, ya sa a ci lafiya.